Babi na Shida: Ƙibar Yara a Gidan da Babu Fili

Wanda ya taso a Katsina ko Maraɗi, ranar da ya fara sauka a unguwar Zango ta birnin Kwatano zai ji Hausa ta ko'ina, zai ji kiran salla daga babban masallacin unguwar, zai ga mai tsire da mai shayi kamar bai bar gida ba. Abin da zai nema ya rasa shi ne dandali. Kwatano gari ne da ya matsu tsakanin teku da tafkin Nokuwe, ƙasa ta yi tsada, duk inda ƙafa za ta taka an yi gini ko an kafa rumfa. Zango kuma tana tsakiyar hada-hadar: tashar jiragen ruwa na kusa, tashar motocin Jonke na maƙwabtaka, kasuwar Dantokpa ba nisa. Titin ƙofar gida na 'yan zem ne, wato 'yan acaɓa masu riga ruwan ɗorawa, da manyan motocin dakon kaya. Uwar da ta ce wa ɗanta kada ya kuskura ya leƙa waje tana da hujja.

Ga kuma ruwa. Damina biyu ake yi a kudancin Benin, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, garin kuma a kwance yake, ruwa ba ya samun hanyar wucewa da wuri. Mutanen Kwatano ba su manta ambaliyar 2010 ba, amma ko a shekarar da ba a yi ambaliya ba, watan Yuni kan tsare yara a ɗaki kwana da kwanaki. Idan ruwa ya ɗauke, zafi mai ɗanshi ya karɓa.

Duba yinin yaro ɗan shekara 9 a irin wannan gida. Da safe a ɗora shi a zem zuwa lakwal, wato makarantar boko, ya zauna a benci. Da rana a ɗauko shi, ya ci, a mayar da shi, ya sake zama. Da yamma islamiyya ko makarantar allo, nan ma zama ne. Idan jarrabawar CEP ta kammala firamare ta matso, malamin darasi na jiransa a gida. Bayan isha'i talabijin ko wayar babarsa har barci ya sace shi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa iyaye sun tsara shi ne don alherin yaron, amma in aka haɗa su, za a tarar ya yini bai yi gudun da zai sa shi haki ba ko sau ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 kullum na motsin da zai sa zuciyarsa bugawa da sauri.

Lamarin ya wuce Zango. A lissafin hukumar, a 1990 kashi 8 cikin 100 na yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 a duniya ne nauyinsu ya wuce kima. A 2022 sun kai kashi 20, fiye da mutum miliyan 390, miliyan 160 daga cikinsu ƙibarsu ta kai matakin cuta. Benin kuma tana ɗauke da kaya biyu a lokaci ɗaya, domin binciken lafiya na ƙasa na 2017 zuwa 2018 ya gano kashi 32 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Wannan shi ya sa maganar ƙibar yara take da wuyar shiga kunne. Kakar da ta ga tamowa da idonta, wadda wataƙila ta binne ɗa saboda ita, idan ta ga jikanta da kumatu ɓul-ɓul hamdala take yi. A wurinta wannan shaida ce cewa ɗanta ya samu a fatauci kuma matarsa ba ta da rowa. Duk wanda zai yi mata bayani sai ya fara girmama wannan tarihin, in ba haka ba ba za ta saurare shi ba, kuma da gaskiyarta.

Ido ba ya raba gardama a nan, awo ne ke rabawa. A asibiti ana auna tsayi da nauyi, a fitar da lissafi, a duba shi a jadawalin da ya dace da shekarun yaron da jinsinsa, don ma'aunin manya ba ya aiki a kan yara. A gida akwai gwaji mai sauƙi ga wanda ya kai shekara 5: a samo zare ko igiya, a auna tsayin yaron daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, a ninke igiyar biyu, a zagaya ta a cikinsa ɗan sama da cibiya. Idan bakin igiyar biyu sun haɗu, da sauƙi. Idan ba su haɗu ba, kewayen cikin ya wuce rabin tsayinsa, kitse ya fara taruwa a inda ya fi illa. Akwai wata alama da iyaye mata da yawa suke wahala a kanta ba su sani ba: baƙi-baƙi mai laushi a bayan wuya ko a hammata, wanda ake ɗauka dauɗa ce, a yi ta dirza da soso da sabulun salo har fatar ta yi ja. Wanka ba ya fitar da shi. Sau da yawa alama ce cewa jiki ya fara ƙin jin sinadarin insulin, wato hanyar ciwon sukari ke nan. Haka minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi cikin barci, da ciwon gwiwa, da saurin gajiya a hawan bene.

Idan an tabbatar nauyin ya wuce, kuskuren farko da ake yi shi ne ɗaukar yaro kamar babba, a ce sai ya zubar da kilo kaza cikin wata kaza. Yaro yana da abin da babba ba shi da shi: yana tsawo. Daga wajen shekara 4 zuwa balaga yakan ƙaru da santimita 5 zuwa 6 kowace shekara. Saboda haka ga yawancin yaran firamare, abin da ake nema shi ne nauyin ya tsaya ko ya rage gudu, tsayi ya zo ya cim masa. Yaron da ya shekara yana kilo 42 alhali ya ƙara santimita 6 ya yi babban ci gaba, ko da sikeli bai nuna komai ba. Hana shi karin kumallo, ko sa shi kwana da yunwa, cutarwa ce ga ƙashi da ƙwaƙwalwar da ke girma, kuma yana koya masa cin ɓoye.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe daga wannan babi shi ne yawan hannuwan da ke ciyar da yaro ɗaya a gidan Zango. Uwa ta ba shi koko da ƙosai. Uba zai fita, ya miƙa masa dala arba'in na sefa don kashewa a lakwal. Kaka tana da kwanon da take ajiye masa. Gwaggo mai tuyar fanke a zaure ba za ta ga ɗan ɗan'uwanta ya wuce hannu sake ba. Baƙon da ya zo daga Gaya ko Malanbil jiran kayansa su fito daga tashar jirgi ya sauka a gidan, dole ya sayo wa yara lemon kwalba da biskit don fita kunya. Maƙwabciya ta aiko da ɗauki. Kowannensu abu kaɗan ya bayar, kuma da ƙauna ya bayar, babu kuma wanda ya san abin da sauran suka bayar. Uwa ita kaɗai ba za ta iya gyara wannan ba, kuma zalunci ne a ɗora mata. Ba za ta iya kallon idon surukarta ta ce a daina ba. Wannan magana ta maigida ce, shi zai durƙusa gaban mahaifiyarsa ya ce, “Inna, mun je awo, likita ya ce sukari na neman kama mijin nan naki. Ke ce zai fi jin maganarki, ki taya mu.” Idan ta ce, “Ku ƙyale mini maigidana, jiki ne na gado,” kada a yi gardama da ita, don akwai gaskiya a ciki, ƙiba tana bin jini. Sai dai a tuna mata cewa ciwon sukarin da ke damun ta ko wanda ya kwantar da ɗan'uwanta shi ma yana bin jinin. Kuma kada a ƙwace mata jin daɗin bayarwa. A canza abin da ke cikin kwanon kawai: gyaɗa dafaffiya, yankan gwanda, ƙwai, dabino biyu ko uku.

Masana sun gwada wannan. Leonard Epstein da abokan aikinsa a Amurka sun bi sawun yara masu ƙiba 'yan shekara 6 zuwa 12 har tsawon shekara 10, suka wallafa sakamakon a 1990. Yaran da aka sa iyayensu su canza nasu ci da motsi tare da su sun fi riƙe nasarar bayan shekara goman, fiye da waɗanda aka mayar da hankali a kansu su kaɗai. Ma'anar wannan a aikace ita ce tukunya ɗaya ga kowa. Ba a dafa wa yaro ganye a ɗan kwano yana kallon yayyensa suna cin soyayyen dankali. Hadisin nan da Tirmizi ya ruwaito kan raba ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi, kowane mahaifi a Zango ya san shi. A kan faifan babansa yaro zai fara ganin ko ana aiki da shi.

Daga abin sha ya kamata a fara, don nan ne riba ta fi yawa da ƙaramin ƙoƙari. Gwangwanin Coca-Cola mai santilita 33 yana ɗauke da sukari giram 35, kimanin ƙwayar sukarin kwali 7, sauran lemuna irin su Youki da Fanta kuma duk gida ɗaya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawararta ta 2015 ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke ci a yini, in ya yi ƙasa da kashi 5 ya fi, wato wajen giram 25 ga babba. Gwangwani ɗaya ya riga ya tsallake wannan. Illar sukarin ruwa ita ce ba ya cika ciki, yaro zai shanye shi kuma ya ci tuwonsa kamar bai sha komai ba. Kada kuma mu wanke namu na gida. Zoɓon da ake ƙullawa a leda, da dage, da kunun aya, da shayin mai shayi wanda ake tsiyaya masa madarar gwangwani mai kauri wadda wajen rabinta sukari ne, sannan a ƙara wani sukarin a kai, duk suna cikin lissafi. Zoɓo da kunu ba su da laifi, hannun mai zuba sukari ne ke da shi. A rage kashi ɗaya cikin huɗu wannan mako, a sake ragewa bayan mako biyu, harshe yana sabawa. Ruwan sanyi ya zama shi ne abin da ke gaban firji, lemon kwalba kuma ya koma abin ranar suna da ranar salla. Abarbar Allada da ake taƙama da ita a ƙasar nan, a yanka wa yaro ya tauna, ya fi a matse masa ita a kofi.

Sai mai. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kalori wajen 120, kuma girkinmu ba da cokali ake zuba mai ba, da ludayi ne. Shinkafa da waken da ake kira atasi a nan abinci ne mai kyau, wake yana riƙe ciki yana gina jiki, amma miyar da ake malala masa rabinta mai ne. Wagashin Fulani in aka jefa shi a miya ya dahu, ya bambanta da wanda aka soya. Kifin tafki ana iya gasa shi. Aloko, wato soyayyar ayaba, da yobo-doko mai kama da fanke, da fanken kansa da soyayyar doya su ne abin da dala arba'in ɗin nan take saye a ƙofar lakwal, don haka ya fi a rage kuɗin a haɗa wa yaro da ayaba ko dafaffen ƙwai daga gida. Miyar kuɓewa da ta lalo da ta ganyen gboma da kwaɗon zogale suna nan a kasuwa da araha. A yawaita miya, a rage malmalar tuwo ko akasa.

Girman malmalar nan yana da tasiri fiye da yadda ake zato. A wani gwaji da Barbara Rolls ta wallafa a 2000, yara 'yan shekara 3 sun ci gwargwadon yunwarsu ko an cika musu kwano ko ba a cika ba, amma 'yan shekara 5 da aka ƙara wa yawan abinci sai suka ƙara ci. Wato tun kafin yaro ya shiga aji ɗaya ya fara bin ido maimakon ciki. Mu kuma muna ƙara masa da “cinye, kada ka bar mini saura.” A zuba masa kaɗan a kwanonsa, in ya nemi ƙari a ɗan jira, in har yanzu yana so a ƙara masa wake ko miya.

Yanzu motsi, a gidan da tsakar gidansa bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, ga igiyar shanya ga murhu. Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce motsa jiki shi kaɗai ba ya rage nauyi sosai. Kalorin lemo ɗaya sai yaro ya yi wasa mai ƙarfi na rabin awa ko fiye kafin ya ƙone shi. Amfaninsa yana wani wajen: yana sa jiki ya riƙa jin insulin, yana ƙarfafa ƙashi da tsoka, yana kawo barci mai nauyi, yana kuma sa yaron da ya saba jin kansa a matsayin mai nauyin jiki ya gano cewa jikinsa na iya abubuwa. Minti 60 ɗin ba dole a yi su a jere ba. Minti 10 kafin wankan safe, 15 bayan dawowa daga lakwal, 20 kafin magariba, suna taruwa.

Wasanninmu na da yawancinsu ba sa buƙatar fili mai yawa. Tsallen igiya wurin tsayuwar mutum ɗaya yake ci, kuma kaɗan ne wasan da ya kai shi sa haki. 'Yar gala-gala gawayi kawai take nema da daɓen siminti. Langa, inda yaro ke riƙe ƙafa ɗaya yana tsalle da ɗaya, ana yin ta a soro. Gaɗa da tafi da rawa da 'yan mata ke yi motsa jiki ne cikakke, abin takaici ne yadda gidaje da yawa suka bar ta ta mutu a gaban talabijin. Gidan da ke da bene yana da matakala, a hau a sauka ana ƙirgawa, yau biyar, mako mai zuwa bakwai. Ƙwallon tsumma ba ta fasa gilashi. Yaron da nauyinsa ya yi yawa ƙwarai, gwiwarsa ba za ta ɗauki tsalle da farko ba, a fara masa da tafiya a wuri ɗaya, da tashi-zauna daga kujera, da rawa. Abu ɗaya da ke kashe duk wannan shi ne a mayar da shi horo, a tsayar da yaro shi kaɗai yana tsalle sauran suna kallo suna dariya. A tara yaran gidan duka, na haya da na masu gida, siriri da mai jiki, babba ɗaya ya shiga cikinsu. Uban da ya cire babbar riga ya karɓi igiya ya yi tsalle goma ya yi wa ɗansa abin da nasihar wata guda ba za ta yi ba.

Aikin gida ma motsi ne: shara, guga, wanki, daka, ɗebo ruwa. A gidajen masu hali an sauke wa 'ya'yan gida duk wannan an ɗora wa yarinyar aiki, wadda sau da yawa ita ma yarinya ce da ya kamata tana makaranta. An cuce ta da yawan aiki, an cuce su da rashinsa. 'Yan mata kuma suna buƙatar kulawa ta musamman, domin da zarar yarinya ta fara girma ake ce mata ta natsu, ta daina tsalle-tsalle, daidai lokacin da jikinta ke ƙara tara kitse. Namiji yakan samu ya sulale zuwa ƙwallo ranar Laraba da yamma ko ranar Lahadi a bakin teku. Ita ba ta da wannan. In an rufe ƙofar gida, daga ita sai mata 'yan'uwanta, babu dalilin addini ko na al'ada da zai hana ta igiya da gaɗa.

Talabijin da waya sun cancanci doka a bayyane. A 1999 Thomas Robinson na Jami'ar Stanford ya wallafa gwajin da ya yi a makarantun firamare biyu a garin San Jose. A ɗaya an koya wa yara rage kallo, suka kashe talabijin kwana 10, daga nan aka ba su awa 7 a mako. Ba a ce su canza abinci ba, ba a ce su yi gudu ba. Bayan watanni, ƙaruwar ƙibarsu ta yi ƙasa da ta yaran ɗaya makarantar, kuma an lura sun rage cin abinci a gaban talabijin. Mai ci yana kallo ba ya jin lokacin da ya ƙoshi. Don haka a kashe akwatin in an ajiye kwano, wayar kuma ta kwana a ɗakin iyaye. Ga 'yan ƙasa da shekara 2, shawarar Hukumar Lafiya ta 2019 ita ce kada a ba su kallo sam, 'yan 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya. Wannan yana haɗe da barci. Ɗan firamare yana buƙatar awa 9 zuwa 12, ƙarancin barci kuma yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi washegari. Zango unguwa ce da ba ta barci da wuri, yaron da za a tasa sallar asuba kuwa bai kamata sha ɗayan dare ta same shi ido biyu ba.

Harshe ma a kiyaye shi. Lukuti, tulu, buhun shinkafa: sunayen da ake kiran yaro da su cikin wasa suna zama a ransa, kuma kunyatawa ba ta sa yaro ya rame, takan sa ya guji wasa da tsara, ya koma ɗaki ya nemi lallashi a abinci. A gabansa a yi maganar ƙarfi da lafiya da numfashi. Awo sau ɗaya a wata ya isa, kuma ba a gaban baƙi ba.

Saura magunguna. Wani yaron ƙibarsa daga kwalba ta fara, lokacin da aka ga ba ya cin abinci aka sayo masa maganin buɗe ciki mai sinadarin siproheptadin, ko ƙwayar deksametazon da ake wa laƙabi da sha-ka-fashe. Ta biyun tana kumbura fuska da ciki, tana tsayar da tsawo, tana raunana ƙashi, tana tayar da sukari da hawan jini, kuma wanda ya daɗe yana shan ta ba a yanke masa ita rana ɗaya, sai likita ya riƙa ragewa a hankali. Gwamnatin Benin ta kai samame a 2017 kan sashen Ajegunle na kasuwar Dantokpa inda a lokacin ake sayar da magungunan da ba su da izini, amma irinsu ba su ƙare a tireren 'yan talla ba. Shayin rage ƙiba da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp shi ma kada ya shiga bakin yaro, yawancinsa maganin zawo ne ko na fitsari, ruwan jiki yake zubarwa.

Idan yaro mai ƙiba ya kasance gajere a cikin tsararsa, ko tsawonsa ya tsaya, ko yana yawan shan ruwa da fitsarin dare, ko numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, ko ya fara ɗingishi yana kukan ƙugu ko gwiwa, ko ƙibar ta fara tun bai kai shekara 5 ba tare da yunwar da ba ta ƙarewa, wannan ya wuce gyaran tukunya. A kai shi cibiyar lafiya ta unguwa, in da buƙata za su tura shi wajen likitocin yara a babban asibitin CNHU Hubert Koutoukou Maga ko asibitin mata da yara na CHU-MEL da ke bakin ruwa. A tafi da katin awonsa na jarirantaka in yana nan, da kwalba ko kwalin duk wani maganin da aka taɓa ba shi, na kanti da na gargajiya, don likita ya ga lokacin da nauyin ya fara hawa da abin da ya zo tare da shi.